Yadda ake suyar kaza da kayan lambu mai ƙarancin sitaci, a ajiye a firiza don dare biyar

Ranar da likita ya gaya wa maigidana cewa sugansa ya hau, ya rage shinkafa da tuwo musamman da dare, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne tukunyar magariba. Mu mutanen Kabi ne. Shinkafa a fadamarmu take fita, daga Argungu har Suru da Yawuri, kuma buhu ba ya yankewa a gidanmu domin kowace kaka 'yan'uwa na aikowa daga ƙauye. A ce wa Bakabe ya kwana bai ci shinkafa ba, ba ƙaramar magana ba ce. Ni kuwa sai ƙarfe 4 nake tashi daga aiki a nan Birnin Kebbi, kafin in iso gida in yi la'asar in ji da yara, rana ta yi ja. Ɗora tukunya biyu a wannan lokaci, ɗaya ta yara ɗaya ta babansu, na yi shi mako biyu na ga ba zai ɗore ba.

Abin da ya fisshe ni wata suya ce da asalinta daga ƙasar Sin take. Ana yanka nama sirara, a yanka kayan lambu, a watsa a kasko mai tsananin zafi ana juyawa ba ƙaƙƙautawa na 'yan mintoci. Na ɗauko dabarar na sa mata kayan ƙamshinmu, na kuma koyi yin aikin mako guda ranar Asabar in ajiye a firiza, ta yadda kowane dare minti 12 ya ishe ni. Karon farko da na gwada, na soya komai tare na juye a roba guda na daskarar. Da na ɗumama ranar Litinin, kabejin ya saki ruwa, naman ya yi ta iyo a ciki kamar farfesun da bai ji kayan yaji ba. Maigida ya ci bai ce komai ba, amma na ga bai ƙoshi ba, abin ya tsaya mini a rai. Daga nan na gane cewa duk aikin nan yaƙi ne da ruwa. Kowane mataki da zan faɗa miki, dalilinsa ke nan.

Ga abin da ya sa abincin ya dace da mai rage sitaci. Dafaffiyar farar shinkafa giram 100 tana ɗauke da sitaci kusan giram 28, kuma farantin da muke zuba wa magidanci ya ninka haka sau uku ko huɗu. Kabeji giram 100 bai wuce giram 6 ba, kusan rabinsa ma zare ne da jiki ba ya mayarwa suga. Koren tattasai bai kai giram 5 ba. Tsokar kaza babu ko kaɗan.

Sayayya

Wannan awon na mutum biyu ne, dare biyar. Tsokar kaza zalla kilo 2, wanda a wurina manyan kaji biyu ne ko matsakaita uku. Kabeji matsakaici guda 2, koren tattasai 6, jan tattasai 4, karas 3, koren wake cikin hannu biyu, manyan albasa 2, attarugu 5, tafarnuwa dunƙule guda, ɗanyar citta kamar tsawon yatsa biyu, daddawa, masoro, ƙwai 2, man gyaɗa, gishiri. Lemon tsami da lawashi da riɗi na daren girki ne, ba sa shiga firiza.

Kazar gidan gona za ki saya. Kazar gida ta fi ta daɗi, kowa ya sani, amma namanta na son doguwar dahuwa, a wannan suyar sai ta fito kamar igiya. Ki bar ta ga farfesu. Kuma ki fifita cinya a kan ƙirji, domin ɗan kitsen da ke jikin cinya shi ke hana ta bushewa bayan ta kwana a firiza. Ni haɗa su nake yi tunda kaza guda ake saya. A wurin masu fiɗa nakan ce, "Malam, cire mini ƙashin, tsoka daban, ƙashi da fuka-fuki da ƙafafu ka zuba mini a wata leda." Kada ki bar ƙashin can, da shi za mu yi romo. Kaza ita ce abu na ƙarshe da za ki saya kafin ki bar kasuwa. Tsakanin Maris da Mayu zafin garin nan yakan haura digiri 40, don haka ki riƙo ƙaramar kula da ƙanƙara a ciki.

Albasa fa? Albasar Aliero tana da arha a wurinmu, hannunmu kuma ya saba da zuba ta ba awo. To, tana da sitaci kusan giram 9 a cikin 100, karas kusan 10. Ba haram ba ne, amma su ne ado a nan, kabeji da tattasai su ne jikin abincin. Kokwamba da latas da tumatir kada su kusanci firiza, ruwa ne zalla. Lokacin da wannan girki ya fi sauƙin kuɗi shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da kayan fadama suka cika kasuwa.

Tun daren Juma'a ki jera ledojin ruwan sha kamar 15 a firiza su daskare. Za su yi miki aiki biyu gobe.

Romo da yankan nama

Da kin dawo, abu na farko ki ɗora ƙasusuwan da ruwa kofi 5, da ɗan citta da rabin albasa, ki rage wuta su yi ta tafasa a hankali kamar awa ɗaya da rabi kina sauran aiki.

Ki wanke tsokar a cikin roba, kada ki sakar mata famfo ruwan ya fantsama kan kayan lambu. Ki tsane ta sosai da tsumma mai tsabta. Ki sa ta a firiza minti 30 ta ɗan ƙame, wuƙa za ta bi ta ba tare da ta zame miki ba. Ki duba tsokar za ki ga zarenta ya miƙe ta gefe guda, ki yanka ki gitta zaren, kada ki bi shi, kauri kamar rabin ƙaramin yatsa, tsawo kamar gaɓa biyu. Yankan ya zo daidai da juna, in ba haka ba wani ya bushe wani bai nuna ba. Katakon yanka da wuƙar da suka taɓa ɗanyen nama, ki wanke su da ruwan zafi da sabulu kafin su taɓa ganye, ko ki ware wa nama nasa katakon.

Ki daka tafarnuwa da citta da masoro, ki raba biyu. Rabi ki zuba a naman tare da gishiri ƙaramin cokali 2, man gyaɗa babban cokali 2, da farin ƙwan nan guda 2 ba tare da gwaiduwa ba. Ki cuɗa da hannu har naman ya shanye. Masu wannan girki a ƙasarsu sukan haɗa farin ƙwai da garin sitacin masara don naman ya yi laushi, mu kuma sitacin muke gudu, farin ƙwan shi kaɗai yana taimakawa. Kada ki matsa lemon tsami yanzu, tsami idan ya daɗe a jikin nama yana lalata shi. Ki rufe ki sa a firij minti 30.

Kayan lambu

A nan aikin ya fi yawa, a nan kuma ake cin nasara ko a faɗi.

Kabeji ki yanka shi da faɗi kamar yatsa biyu, ba irin siririn yankan salak ba, domin siriri narkewa yake yi. Tattasai ki cire 'ya'yan ki yanka dogo-dogo. Karas sirara a karkace. Koren wake ki cire kai da gindi ki raba biyu. Albasa manya-manya.

Kabeji da karas da koren wake sai an tsoma su a tafasasshen ruwa kafin su shiga firiza. Dalili kuwa, ganye ko an ciro shi daga gona akwai sinadaran da ke ci gaba da aiki a cikinsa, sanyin firiza rage musu gudu kawai yake yi, shi ya sa ɗanyen kabeji kan fito da wari da dusashewar launi bayan 'yan makonni. Ɗan zafin nan shi ke tsayar da su. Ki cika babbar tukunya da ruwa ya tafasa sosai. Gefe guda ki farke ledojin ƙanƙara 6 a cikin baho da ruwa. Koren wake minti 3, karas minti 2, kabeji minti ɗaya da rabi, kowanne daban, kuma kaɗan-kaɗan don kada ruwan ya daina tafasa. Ki riƙe agogon wayarki, kada ki yi kirdado. Da lokaci ya cika ki kwashe da gwagwa ki tsunduma cikin ruwan ƙanƙara har ya huce gaba ɗaya. Za ki ga koren waken ya yi kore shar, idan kin karya ɗaya ya ce ɗas. Haka ake so. Tattasai da albasa ba sa buƙatar wannan, ɗanyu za su shiga.

Sai tsanewa, wadda mutane da yawa ke yi wa gaggawa. Ki bar su a gwagwa minti 10, sannan ki shimfiɗa tsabtataccen zane a kan tire ki baza su, ki ɗora wani zanen ki danna a hankali. Kabeji ki ɗebo cikin hannu ki ɗan matse. Idan kin ɗora ganye a bayan hannunki kika ji jiƙa, bai yi ba tukuna. Kowane ɗigon da ya bi ki cikin leda zai zama ƙanƙara, ƙanƙarar nan kuma ita ce ruwan da zai kashe miki zafin kasko ranar Laraba.

Suyar naman

Ki nemo kaskonki mafi faɗi da kauri. Ki ɗora a wuta babba har sai kin yarfa ɗigon ruwa ya yi tsalle ya ɓace. A gas ki buɗe wutar duka, a gawayi ki bari ya ruru ya yi ja. Mai babban cokali ɗaya, sannan nama cikin hannu biyu kacal, ki baza kowane yanka ya taɓa ƙasan kasko. Ki bar shi minti ɗaya ba taɓawa ya yi ja a ƙasa, sannan ki juya ta minti 3 zuwa 4. Kilo 2 zai ɗauke ki zubi biyar ko shida. Na san ran mutum kan raya masa ya juye duka ya huta, amma da kin cika kaskon zafinsa zai faɗi, naman ya tsatso ruwa, suya ta koma dahuwa. Kunnenki zai gaya miki: muddin kina jin ƙarar cuwww kina kan hanya, da ta koma ɓul-ɓul kin yi yawa.

Naman ya nuna har ciki. Kayan lambu ne ake bari rabi-rabi, kaza ba a yi mata haka. Ki tsaga yanka mafi kauri, ki ga fari fat babu ja, ruwansa garau. Mai ma'aunin zafin abinci ta ga ya kai digiri 74.

Miyar haɗi

Ki tace romon ki mayar wuta. Ki zuba ragowar dakakken citta da tafarnuwa, jajjagen attarugu, da dakakkiyar daddawa babban cokali ɗaya. Ki bari ya ƙone ya dawo kamar kofi ɗaya da rabi. Romon ƙashi da ƙafafu idan ya ƙone haka yana yin kauri da kansa, idan ya huce ma har daskarewa yake yi, don haka ba kya buƙatar fulawa ko sitaci.

Mai son ɗanɗanon asali tana iya ƙara soya sos, baƙin ruwan ɗanɗano na waken suya da ake sayarwa a kwalba, babban cokali 5, wato cokali guda ga kowane dare. Sai dai gishiri ne ƙwarai, cokali ɗaya ya haura giram 2, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini. Da yawa masu ciwon suga suna fama da hawan jini ma. Idan kin sa shi, ki ajiye dunƙulen magi. Ni daddawar ta fi kwanta mini, kuma Inna, surukata, da ta zo ta ɗanɗana cewa ta yi, "Ɗiyata, wanga ai ƙamshin gida ne." Sauran miyar kwalba masu zaƙi-zaƙi da kecaf, ki juya bayan kwalbar ki karanta, yawancinsu suga ne a gaba.

Hucewa da ƙullawa

Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. A Kebbi kusan kullum ki ɗauka awa ɗaya gare ki. Ki baza naman a faffaɗan tire, ki ɗora tiren a kan sauran ledojin ƙanƙara, minti 20 ya huce. Kada ki sa abu mai zafi a firiza, zai narkar da na kusa da shi.

Ki raba komai gida biyar. Nama ledarsa daban, kayan lambu ledarsu daban, miya ƙulli biyar ƙanana. Kada ki haɗa su, wannan shi ne kuskuren da na fara yi. Leda mai zif ta fi, amma farar leda mai kauri ninki biyu tana yi. Ki matse iska ta fita tas, domin iska ce ke busar da nama ya yi fari-fari a firiza. Ki danna kowace leda ta kwanta, kaurinta kada ya wuce yatsa biyu, ta fi saurin daskarewa ta fi saurin narkewa. Ki rubuta kwanan wata da alƙalamin maka. Ki shimfiɗa su a jikin bangon firiza ɗaya-ɗaya, sai sun ƙame ki tara su, kowane dare ledoji uku a cikin babbar leda guda.

Maganar wuta

Ba zan yi miki bayanin firiza kamar muna inda wuta ba ta ƙiftawa ba. Sanyin da ake so shi ne digiri 18 ƙasa da sifili, inda aka samu haka ba yankewa abincin nan zai yi wata biyu zuwa uku lafiya. A wurinmu ni ba na barin sa ya wuce mako uku.

Wata damina iska ta kayar da turken wuta a unguwarmu muna ƙauye wurin biki, aka kwana uku babu wuta, aka gyara kafin mu dawo. Na buɗe firiza na tarar da komai a daskare, sai da maƙwabciyata ta ba ni labari na san abin ya narke ya sake ƙamewa. Na zubar da shi duka, raina na ƙuna. Tun daga ranar nake ajiye ƙaramin kofi da ruwa ya daskare a ciki, da wankakkiyar tsakuwa a samansa. Idan na buɗe na ga tsakuwar a sama, sanyi bai tafi ba. Idan ta nutse ƙasa, ƙanƙarar ta narke a bayana.

Firiza cikakke da ba a buɗewa yakan riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabi kuma awa 24. Da zafin bazara ni rabin haka nake lissafawa. Shi ya sa duk gurbin da ya rage nake cike shi da ledojin ruwa. Na kwance mai murfi a sama ya fi na tsaye riƙo, domin sanyi ƙasa yake kwantawa, ba ya zubowa idan an buɗe. Ki ajiye ledojin abincin a can ƙasa, ki hana yara buɗewa neman ruwan sanyi idan an ɗauke wuta, ki ware musu kula. Idan wutar ta daɗe kika tarar da sauran ƙanƙara a jikin naman, ki dafa shi a ci a ranar. Idan ya narke har ya bar sanyi, ki zubar. Kada ki dogara da hanci, ƙwayoyin cutar da ke kwantar da mutum ba lallai su yi wari ba.

Daren girki

Da safe kafin ki fita ki sauko da ledar nama da ƙullin miya zuwa firij. Idan ba ki amince wuta za ta wuni ba, ki bar su a firiza, da kin dawo ki tsoma ledar a rufe cikin ruwan sanyi, kafin ki idar da magariba ta saki. Kada ki bar ta a kan teburin kicin ta wuni. Kayan lambu kuwa ba a narkar da su sam, daga firiza sai kasko.

Kasko ya yi zafi kamar na ranar Asabar. Mai cokali ɗaya. Ki buga ledar kayan lambun a gefen tebur su warware, ki watsa, ki yi ta juyawa a wuta babba minti 4 zuwa 5 ba rufi, har ruwan ya ƙone gefen kabejin ya fara ja. Idan kaskonki ƙarami ne ki yi zubi biyu. Sai ki tura su gefe, ki zuba naman ya taɓa ƙarfe minti 2, ki kawo miyar, ki haɗe ki juya minti 3 har ko'ina ya ɗauki zafi, tururi na tashi daga tsakiyar yanka mafi kauri. Ki kashe wuta, ki matsa rabin lemon tsami, ki watsa yankakken lawashi da soyayyen riɗi. Abin da aka ɗumama sau ɗaya ba ya komawa firiza.

Yara nakan dafa musu shinkafarsu in ɗora musu wannan a kai, tukunya ɗaya ta wadatar ke nan. Babansu kuma ya ci nasa da dafaffen ƙwai ko ɗan kwaɗon zogale a gefe. Daren farko ya dubi farantin ya ce, "Anya wannan zai riƙe ciki har asuba?" Ya riƙe, domin nama giram 200 da mai da ganye sun fi tuwo daɗewa a ciki. Ranar da ransa ya biya sosai nakan sa masa shinkafa ludayi guda, ba na mayar da abin faɗa.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: wanda ke allurar insulin ko shan ƙwayar rage suga irin glibenclamide, idan ya yanke sitacin dare farat ɗaya alhali maganin na nan yadda yake, sugansa na iya faɗuwa cikin dare. Alamunsa rawar jiki, zufa, jiri, bugun zuciya da yunwa mai tsanani. Ku gaya wa likitansa kafin ku canja abincin don ya duba awon maganin, kuma a ajiye suga ko dabino kusa da gado.

Don kada a gaji da ɗanɗano guda, nakan sauya hannu a kasko. Talata in yanka ɗanyen alayyahu in watsa a minti na ƙarshe. Laraba in fasa ƙwai biyu a gefen kaskon in dagargaza su ciki. Alhamis in yanka ɗanyar kuɓewa dogo-dogo in fara soya ta ita kaɗai har yauƙin ya ƙone kafin sauran su shiga. Ledar Juma'a kuwa rabin miyar kawai nake sawa, in barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli babban cokali ɗaya bayan na kashe wuta, in yanka ɗanyar albasa kaɗan a kai, sai ta fito da ƙamshin tsire.